Ka fara duba sunan darakta kafin ka ƙona datarka

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce ka gaji da finafinai masu dogon zango da ake ta ja kamar cingam, kana so in faɗa maka waɗanda na kalla kwanan nan suka burge ni, sannan ka ƙara da cewa wai mene ne ma aikin darakta tunda marubuci ne ya rubuta labari kuma jarumai ne ke wasan. To bari in fara da ta biyun don ita ce ta fi taɓa ni, finafinan za su biyo a ciki.

Na yi shekaru ina editin a wani ɗan ofis a Zoo Road, kuma na bi lokeshan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a matsayin mataimakin darakta, kuma wallahi idan aka kawo min abin da aka ɗauko daga sin uku na farko nake gane ko akwai darakta a wurin ko kuwa mutum ne kawai aka ba kujera yana cewa a fara a tsaya. Darakta shi ne mai yanke shawarar inda za a dasa kyamara, shi ne mai cewa wannan maganar a cire ta ido ya faɗe ta, shi ne mai hana jarumi kukan da yake so ya yi don a yabe shi. Labari ɗaya za ka ba mutum biyu, ɗaya ya fito maka da abin da zai hana ka barci ɗayan kuma ya fito da mutane zaune a falo suna ta zuba. Akwai gwajin da nake ba yaran da na koya wa aiki, ka kashe sautin fim gaba ɗaya ka kalli minti 5, idan ka gane wa ke jin tsoron wa, wa ke ɓoye wani abu, wa ke da iko a ɗakin, to akwai darakta. Idan ba ka gane komai ba sai ka kunna sauti, wasan rediyo ne aka sa wa hoto.

Wanda na sake kalla makon jiya da yarana bayan isha'i shi ne Children of Heaven na Majid Majidi, ɗan Iran, fim ɗin 1997 ne, tsoho ne amma ko gobe aka ce in zaɓi fim ɗaya da zan ba mai son koyon harkar nan shi zan ɗauko. Labarin fa ba komai ba ne, yaro Ali ya kai takalmin ƙanwarsa Zahra gyara, a hanyar dawowa ya tsaya sayen dankali takalmin ya ɓata, gidan kuma talakawa ne ba za su iya gaya wa babansu ba, sai suka koma raba takalmin Ali ɗaya, ita ta je makaranta da safe ta dawo a guje ta cire masa a lungu shi kuma ya zura ya ruga tasa makarantar. Shi ke nan. Babu bindiga babu gado babu kishiya. Amma ka duba yadda mutumin nan ya yi da sin ɗin da yaran ke zaune suna aikin gida iyayensu na hira a gefe, ba su isa su yi magana ba, sai suka dinga rubutu a littafi suna tura wa juna, kyamara na kan fensir da hannu, muryar iyaye na tafiya a baya kan maganar kuɗin haya da rashin lafiyar uwar. A sin ɗaya ya nuna maka talaucin gidan da tsoron yaran da ƙaunar da ke tsakaninsu ba wanda ya buɗe baki ya ce mu talakawa ne. Sannan akwai inda uban ke fasa sukarin masallaci, 'yar ta kawo masa shayi ya ce ta ɗauko sukarin gida, ta ce ga sukari nan tuli a gabanka, ya ce wannan na masallaci ne amana aka ba shi. Daƙiƙa kaɗan ne, ba a sa kiɗan tausayi ba ba a yi wa'azi ba, amma daga nan ka san irin gidan da yaran suka fito, shi ya sa daga baya da suka ga takalmin a ƙafar wata yarinya suka bi ta har gida suka ga babanta makaho ne, suka juya ba su ce uffan ba, ba za ka yi mamaki ba. Ƙaramar 'yata a nan ta fara hawaye. Fim ɗin ya shiga jerin biyar na ƙarshe a Oscar ɓangaren finafinan harsunan waje, shi ne na Iran na farko da ya kai nan, kuma za ka iya kallonsa da mahaifiyarka a zaune ba ka riƙe rimot a hannu ba.

Abin da ya sa nake yawan tura mutanenmu ga 'yan Iran shi ne sharaɗin da suke aiki a ƙarƙashinsa ya yi kama da namu, su ma akwai hukumar tacewa, mace ba ta fitowa ba lulluɓi, namiji da mace ba sa taɓa juna a gaban kyamara, kuma ba wani kuɗi na a zo a gani suke kashewa ba. Duk uzurin da muke kawowa su ma suna da shi, amma ka kalli A Separation na Asghar Farhadi, 2011, ka ga abin da aka yi da gida ɗaya da kotu ɗaya. Sin na farko miji da mata ne zaune suna kallon kyamara kai tsaye suna kawo ƙara, alƙalin ba a nuna shi, muryarsa kawai kake ji, wato kai mai kallo kai aka ɗora a kujerar alƙali kuma har fim ya ƙare ba za a sauke ka ba. Matar na so su bar ƙasar saboda 'yarsu, mijin ya ce ba zai bar mahaifinsa da ciwon mantuwa ya kama ba, kowa da gaskiyarsa. Sai ya ɗauko wata mata mai ciki ta dinga kula da tsohon, mace mai tsoron Allah wadda da tsohon ya ɓata jikinsa sai da ta buga waya ta tambayi malamai ko zunubi ne ta wanke shi tunda ba muharraminta ba ne. Daga nan abu ya lalace, ba zan faɗa maka yadda aka yi ba, amma ka sa ido a kan sin ɗin da aka ɗauko Alƙur'ani aka ce a rantse, ni dai ban taɓa ganin an nuna nauyin rantsuwa a fim kamar haka ba. Dabarar Farhadi ita ce yana ɓoye maka daƙiƙa ɗaya tak, wadda ita ce duk shari'ar ta rataya a kai, sai ka koma kana tuhumar idonka kamar yadda shaidu ke yi. Ya ci Oscar a 2012, ya sake ci a 2017 da The Salesman. Wannan ba na yara ba ne, ba don akwai abin kunya ba, nauyi ne da shi, kuma ka kalle shi ranar da hankalinka ke kwance ba kana danna waya ba.

Na san dai Indiya kake jira don mu nan tun zamanin sinimar Marhaba da Plaza da su aka raine mu. Guda uku na kalla a 'yan watannin nan da zan iya tsaya musu.

Laapataa Ladies na Kiran Rao, wanda ya fito sinima a 2024, shi na fi so a cikinsu kuma na tabbata Bahaushe zai ji shi a jikinsa. Amare biyu ne a jirgin ƙasa ɗaya, kaya iri ɗaya, lulluɓi ya rufe fuska ruf, ango ya farka cikin dare a gigice ya ja hannun wadda ba tasa ba, sai da aka isa gida aka ɗaga mayafi aka ga baƙuwar fuska, tasa amaryar kuma an bar ta a wata tasha ba ta ma iya faɗin sunan ƙauyen mijin ba. Kaga wannan a hannun wani darakta da ya zama barkwanci zalla ko kuma ya zama huɗuba a kan 'yancin mata, ita kuwa matar nan ta riƙe shi a tsakiya, za ka yi dariya kuma ba ta wulaƙanta mutanen ƙauyen ba, har surukar da kake jira ta zama muguwa sai ka ga ita ma mutum ce mai abin da ta rasa. Ta ɗauko sababbin fuskoki a manyan gurabe, duk da Aamir Khan na cikin furodusoshin ba ta sa shi ya fito ba, kuma wannan ma shawarar darakta ce, don da ya fito da kallo ya koma kansa an manta da amaren. Tsohuwar nan mai sayar da shayi a tasha ita ce zuciyar fim ɗin a wurina.

Sai 12th Fail na Vidhu Vinod Chopra, 2023, labarin gaske ne na wani yaro Manoj Kumar Sharma daga yankin Chambal da ya faɗi jarrabawar ƙarshe ta sakandare a shekarar da aka hana satar amsa, daga baya ya zama babban jami'in 'yan sanda ta hanyar jarrabawar nan tasu ta ɗaukar manyan ma'aikatan gwamnati mai tsananin wuya. Duk wanda ya taɓa zaman JAMB sau biyu sau uku ko ya ga yadda ake rubuta amsa a allo a wasu cibiyoyin zai gane fim ɗin nan tun daga minti goma na farko. Abin da ya burge ni a matsayina na mai editin shi ne yadda dattijon daraktan nan, ya haura shekara 70 fa lokacin da ya yi shi, ya rage kiɗa, akwai wuraren da ƙarar injin niƙa kawai kake ji inda yaron ke aiki yana karatu, kuma yana barin ɗauka ɗaya ta yi tsawo ba ya yankawa. Ƙarshen ya ɗan ja da yawa a ganina kuma an ɗan zuba masa suga, amma ba zai ɓata maka dare ba.

Na ukun Maharaja ne, 2024, na Nithilan Saminathan, fim ɗin Tamil da Vijay Sethupathi ya ja, wanzami ne ya je ofishin 'yan sanda kai ƙarar an sace masa kwandon shara. Aikin editin ɗinsa makaranta ne, yana haɗa maka lokuta daban daban kana zaton rana ɗaya ce sai can ka gane an yi wasa da hankalinka. Amma ina gaya maka tun yanzu akwai zubar da jini da cin zarafi mai tayar da hankali, kar ka kunna shi a falo. Idan irin wannan salon kake so ba tare da jinin ba ka nemi Drishyam na asali, na Jeethu Joseph da Mohanlal, 2013, ba wai na Ajay Devgn ba shi da kyau ba ne, amma na farkon ya fi kama da mutanen gaske.

Darakta Rajamouli kuwa ba sai na tallata maka shi ba, Baahubali da RRR ba wanda bai gani ba. Abin da zan ce kawai masu raina shi wai ƙarya ta yi yawa ba su fahimci aikinsa ba, mutumin nan kafin ya sa jarumi ya yi abin da ba zai yiwu ba sai ya gina maka dalilin da zai sa zuciyarka ta so ya yiwu, masu kwaikwayonsa tsallen suke ɗauka su bar ginin. Ka nemi Eega nasa na 2012 inda jarumin ƙuda ne, ƙuda dai da ka sani, ka ga ko ba za ka tsinci kanka kana goyon bayan ƙuda ba.

Wata magana a gefe kan fassara. Ina son fassarar Hausa, ita ta kai finafinan nan ga iyayenmu mata da duk wanda ba ya karanta rubutun ƙasan allo, kuma a fim ɗin faɗa ko na barkwanci wani lokacin har ta fi na asalin daɗi. Amma masu fassara da yawa ba sa jure shiru, duk inda darakta ya bar wuri ba magana sai a cusa wasa ko a yi maka bayanin abin da kake gani, to finafinan da na lissafa maka a sama rabin ƙarfinsu a shirun yake. Ka daure ka kalle su da muryarsu ta asali tukuna.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mun san daraktocin Mumbai da Chennai amma ba mu san na maƙwabtanmu ba. Ka taɓa kallon Timbuktu na Abderrahmane Sissako, ɗan Muritaniya? 2014 ya fito, a kan lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye arewacin Mali, a garin Walata na Muritaniya aka ɗauke shi saboda rashin tsaro. Duk wanda ya rayu a arewa cikin shekarun nan zai kalle shi da wani ido daban. Akwai limamin da ya tsaya a masallaci yana yi musu magana a hankali da ilimi, akwai mai sayar da kifi da aka ce sai ta sa safar hannu ta miƙa hannayen ta ce a yanke, sannan akwai sin ɗin da aka hana ƙwallo sai samari suka shiga fili suna bugawa ba ƙwallon, suna gudu suna ba juna suna murnar ci, iska kawai suke harbi. Na kalli wannan sin ɗin ya fi sau 20. Da kuma inda makiyayi da masunci suka yi rigima a kan saniya, bayan abin ya faru Sissako ya janye kyamara can nesa ya bar ka da faɗin kogi da mutum biyu ƙanana kamar tururuwa, ɗaya na tafiya ɗaya na faɗuwa. Da yawancinmu ne da fuska za mu matso mu zuba kiɗa. A Chadi akwai Mahamat-Saleh Haroun wanda ya samu kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a 2010, ka nemi Daratt nasa na 2006, yaro ne aka ba bindiga ya je ya kashe wanda ya kashe ubansa sai ya tarar da shi mai gidan burodi ne har ya ɗauke shi aiki. A Nijar kuma Aicha Macky, 'yar Damagaram, ta yi fim ɗin gaskiya mai suna Zinder a 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara, da Hausa suke magana, ba jarumi ko ɗaya, kuma yadda ta sa majiya ƙarfin nan suka saki jiki suka buɗe mata cikinsu shi ma aikin darakta ne babba. Mutane ba su sani ba, babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Burkina Faso, ta farko a 1972 ɗan Nijar ne ya ɗauke ta, Oumarou Ganda.

To mu dawo gida, don na san za ka ce na tsallake namu. Ban tsallake ba, a nan na ci abinci kuma ina alfahari da masana'antar Kannywood da ta taso daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 ba tallafin kowa. Muna da daraktoci. Aminu Saira ya san yadda ake zaunar da jarumi ya fitar da abin da ke cikinsa, ka lura 'yan wasa da yawa sun fi kyau a hannunsa fiye da ko'ina, kuma zangon farko na Labarina ya ɗaga darajar hoto da sauti a siris ɗinmu, wannan ba a musu. Salisu T. Balarabe a Kwana Casa'in ya nuna za a iya riƙe mutane da labarin siyasa da aikin jarida ba sai da rawa ba. Matsalar da kake kuka da ita ta ja da labari ba rashin basira ba ne yawanci, tsarin kasuwar ne, tun da kasuwar faifai ta mutu aka koma YouTube da tashoshi kuɗin na zuwa ne gwargwadon yawan fitowa da tsawon mintuna, don haka labarin da zai ƙare a awa 2 sai a miƙe shi ya shekara. Na taɓa zama da wani furodusa na yanke sin ɗin gaisuwa da ya kai minti 4, shigowa da sallama da ina kwana da ya gida da ya yara da kawo ruwa, ya ce in mayar da shi duka don mintunan ba su cika ba. Na mayar, raina bai so ba, don na san daraktan da ya ɗauka ma ba haka ya so ba.

Shi ya sa na ji daɗin Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, 2024, wanda aka ɗauka a Daura kuma Najeriya ta tura shi Oscar. Bai shiga jerin ƙarshe ba, kuma ni ma ina da ƙorafi a kansa, wasu jaruman ba su kai nauyin rawar da aka ba su ba kuma labarin na rawa a tsakiya, amma an yi shi ne a matsayin fim mai farko da ƙarshe, an kashe kuɗi a kaya da dawaki da fili, an yi tunanin hoto. Kafin shi akwai The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, 2020, mafi yawansa da Hausa, wanda Maryam Booth ta samu kyautar finafinan Afirka ta AMAA da shi, hotonsa na da kyau matuƙa duk da cewa kunnen Bahaushe zai ji wasu maganganun ba haka muke faɗinsu ba. Idan kuma dariya kake so ka huta, Mati a Zazzau na Yaseen Auwal ya isa, Sadiq Sani Sadiq ya yi abin da ya iya a ciki.

Ka fara da na takalmin nan a daren Juma'a tare da mutanen gida, sai Laapataa Ladies, sai Timbuktu kai kaɗai, A Separation ka bar shi ƙarshe. Kuma ka yi gwajin kashe sautin a sin ɗin littafin Ali da Zahra, ka dawo ka gaya min abin da ka gani, ina jiranka in sha Allah.